Miyar Santsi a Ranar Awo

Pyo Malsun ta shekara ashirin da uku tana girki a makarantar kwana ta 'yan wasa da ke bayan tashar jiragen ruwan garinmu, amma ko sau ɗaya ba ta taɓa zuwa kallon wasa ba. Ta farantansu ta san yaran. In aka ce mata wane ya ciwo kofi, sai ta ce, "Wanne ke nan? Mai tsince albasa, ko mai roƙon ƙanzo?"

Ni ce mai tsara abincin makarantar. Aikina in zauna a wani ɗan ɗaki kusa da sito, in rubuta yawan shinkafa da nama da man da kowane rukuni zai ci a mako, in manna takardar a bangon madafa. Shekara tara muka yi tare da ita. Ta ba ni shekara talatin, amma Malama take ce mini saboda karatuna, ni kuma in ce mata Uwargida Pyo. Yara kuwa Inna suke ce mata, kamar yadda suke ce wa duk matar da ke riƙe da ludayi.

Takardar tawa ba ta dame ta ba. Kowace Litinin takan tsaya gabanta da tabarau a kan karan hanci, ta karanta har ƙasa, ta ce, "Malama ta yi ƙoƙari," sannan ta je ta yi abin da ta sani. Abin haushin, in na ɗauki abin da ta zuba na ɗora a sikeli, da wuya ya kauce wa lissafina da giram goma.

'Yan kokawa ne ke fara shigowa, da hayaniya da warin gumi, yashin fili bai gama zuba daga wuyansu ba. Su ba a yi musu awo da ƙaramin kwano. Shinkafa kwano huɗu, romon ƙashin sa, agwagwa in gasa ta matso.

"Inna, wannan ai abincin kyanwa ne."

"Kyanwa ta fi ka amfani, tana kama ɓera. Kai wa ka kayar a bana?"

"Haba Inna, a gaban mutane?"

"Matsa, ka tare mini haske."

Ta faɗi haka tana ƙara masa cinya guda.

'Yan gudun dogon zango shinkafa da taliya take ɗura musu kwana biyu kafin tsere, sauran ranaku kuma hanta da ƙananan kifi don jini. Yarinya na cikin layi sai ta sa babban yatsa ta ja mata fatar ido ƙasa. In ta ga wurin ya yi fari, babu shawara, hanta ce har mako ya fita. Masu ɗaga ƙarfe ƙwai da ƙirjin kaza da madara. 'Yan ninkaya sau biyar suke ci a yini kuma kullum kamar an kwana ba a ba su ba. Maharban baka kuwa ranar gasa ba yaji, ba shayi, kuma rabin kwano kawai, domin a cewarta cikin da ke kuka da cikin da ya cika dam duk hannu suke girgizawa.

Sai teburin bakin taga, wanda ba a jin motsin kowa a kansa. Nan 'yan matan judo suke zama, waɗanda sikeli ke yanke wa hukunci kafin abokin karawa ya taɓa su. Awara, farin ƙwai, ganye, dafaffen kifi. Kwana uku kafin awo Malsun takan ɗauke kimchi, kabejin nan da ake tsimawa da gishiri da yaji, daga teburin nan, ta daina sa musu gishiri ko ƙwaya ɗaya, saboda gishiri yana riƙe ruwa a jiki, ruwa kuma nauyi ne. Ba ni na koya mata wannan ba. Ta san shi tun ina firamare.

A wani tsibiri na kudu aka haife ta, inda ake noman miyok a kan igiyoyi cikin teku, baƙin ganyen nan mai santsi da ake busarwa a ajiye shekara guda. Ita ce ta biyar a jerin 'ya'ya mata, shi ya sa mahaifinta ya raɗa mata Malsun, wato ta ƙarshe, don ya sanar da duk mai ji cewa matan sun ishe shi. Da namiji ya zo bayanta, aka tura ta aikin gyaran kifi a birni tana 'yar shekara goma sha huɗu. Ta auri direban babbar mota, mutum mai shiru, ya rasu tana da shekara arba'in ba ɗaya. 'Yarsu guda, Hyeran, ma'aikaciyar jinya ce, tana Ostireliya da mijinta. Sau biyu take bugo waya a shekara, ranar sabuwar shekara da ranar bikin kaka. Kin ci abinci? Na ci. Ya ƙafar? Da sauƙi. To, sai an jima.

Na taɓa tambayarta ko faɗa suka yi.

"Da faɗa muka yi ai da sauƙi, sai a shirya," ta ce. "Mu ba mu da abin da za mu shirya."

Ɗakinta yana hawa na goma sha ɗaya a wani dogon bene da ke kallon teku. Sau ɗaya na shiga. Komai tsaf, kujera ɗaya a gaban teburi, firiji yana ta gurnani shi kaɗai.

Ranar Juma'a da la'asar motoci kan kwashe yara zuwa gidajensu, makaranta ta yi tsit har yammacin Lahadi. Dokar makaranta ita ce ko ɗalibi ɗaya ne ya rage, dole mai girki ɗaya ta zo. Da can karɓa-karɓa ake yi tsakanin mata biyar. Malsun ta karɓe duka. Ta ce musu ita ba ta da jikoki a kusa, su je su yi hidimarsu. Suka yi ta yabon kirkinta, har da kawo mata lemo. Ni dai tun da na ga ɗakin nan na daina ɗaukar abin a matsayin kirki zalla.

Shekaru da yawa waɗanda ke ragewa sukan sauya: yau mai ciwon gwiwa, gobe wanda ya yi faɗa da ubansa. Sai Tak Darae ta zo, 'yar shekara goma sha shida, 'yar judo a ajin kilo arba'in da takwas, ita kuwa ba ta zuwa gida ko da yaushe. Mahaifinta yana jirgin kamun kifi na nesa, sau biyu yake taka ƙasa a shekara. Mahaifiyarta ta fita tana 'yar shekara huɗu ba ta dawo ba. Kakar da ta riƙe ta ta rasu a hunturun da ya gabaci zuwanta.

Lahadi ba horo, kuma ranar ce kaɗai takardata ta yarje wa Darae cin abinci na mutane. Ita da Malsun ba a babban zaure suke ci ba. A madafa suke zama, a kan wani ɗan teburin ƙarfe da ake yanka kabeji, kujeru biyu fuska da fuska. Wata Lahadi na dawo ɗaukar abin da na manta, na ji su tun daga ƙofa.

"Ke, haka ake ɓare tafarnuwa? Kin cinye rabinta da farce."

"Inna, hannun nan fa mutane yake kayarwa."

"Ya kayar da tafarnuwa tukuna. Miƙe bayanki, kin zauna kamar jatan lande."

"In na miƙe sai ki ce na yi tsawo, zan ƙara nauyi."

"To zauna yadda kika ga dama, 'yar tsako. Ci kifin nan."

"Ban da fatar."

"Na cire, ina da ido."

Ban taɓa jin Malsun tana dariya da sauti ba sai ranar. Na ɗauki abina na fita ba tare da sun san na shigo ba.

Matsalar Darae ita ce ta ci gaba da girma. Cikin shekara ɗaya da rabi ta ƙara tsawo da faɗin kafaɗa, jikinta yana neman kilo hamsin da biyu, ana danne shi a arba'in da takwas. Sau biyu na sami mai horar da su, Malam Maeng, na ce yarinyar nan ta fita daga wannan aji. Ya ce a nan take cin kowa, in bari sai bayan zaɓe.

Zaɓen shi ne gasar ƙarshen kaka. Duk wadda ta zo ta ɗaya a ajinta za a ɗauke ta zuwa sansanin matasan 'yan wasa na ƙasa, can arewa, tafiyar awa biyar, ta koma can da zama da karatu. Kowa ya san in Darae ta hau sikeli lafiya, ba mai tsayawa gabanta. Kowa kuma ya san in ta tafi, ba sauran ɗalibin da ke kwana makaranta kowane ƙarshen mako. Wannan na biyun ba wanda ya ɗauke shi a bakin komai, sai mutum ɗaya.

"An ce masu girki goma sha biyu ne a can," in ji Darae wata rana a layi, tana miƙa faranti.

"Madalla," Malsun ta ce. "Sai ki ƙoshi."

Ta zuba mata awara, ta kalli ta bayanta.

Akwai kuma wani alkawari a tsakaninsu. A shekarar farko ranar haihuwar Darae ta zo ta wuce ba wanda ya sani. Daga baya ne, suna tsinkar wake, ta ambata cewa tun rasuwar kakarta ba wanda ya dafa mata miyar miyok. A wurinmu wannan ba ƙaramar magana ba ce. Miyar da mai jego ke sha ce har jikinta ya dawo, shi ya sa kowa ke shanta da safen ranar haihuwarsa, daga hannun uwarsa in tana nan. In ka haɗu da mutum ranar, ba ka tambayarsa ko ya sami kyauta, tambayarsa kake ko ya sha miyok. Malsun ta ajiye waken ta ce, "Baɗi ni zan dafa miki."

Da jadawalin gasa ya fito, sai ga ranar awo ta faɗo daidai kan ranar haihuwar: Juma'a, ƙarfe biyar na yamma, a wani gari mai nisan awa huɗu. Ko babu maganar gishiri, ba mai ba ɗansa miyok ranar jarrabawa ko ranar neman aiki. Ganye ne mai santsi, wanda ya sha zamewa yake yi. In muka ce wane ya sha miyok, ai faɗuwa muke nufi.

Ranar Alhamis da rana na shiga madafa na ga ganyen a jiƙe cikin ƙaramar roba, ya kumbura ya yi baƙi-ƙirin yana sheƙi. Ba na sito ba ne. Na tsibirinsu ne, mai kauri, wanda matar ƙaninta ke aiko mata sau ɗaya a shekara.

"Uwargida Pyo, wannan ba ya cikin takarda."

"Nawa ne. Tsohuwa ba ta da ikon marmarin miya?"

Na san ranar haihuwar kowane ɗalibi, a rubuce suke a ɗakina. Na tsaya ina kallon robar, sannan na wuce. Ban so in zama wadda za ta tuna wa mace mai shekara sittin da biyu abin da ta fi ni sani ba. Haka na gaya wa kaina a lokacin.

Da safen Juma'a Darae ta hau sikeli ta nuna arba'in da takwas da giram ɗari huɗu. Wannan daidai ne. Rabin ƙwai, kurɓin ruwa ɗaya, rigar leda da ɗan gudu, kafin ƙarfe biyar ta sauko ƙasa da layi, kamar yadda ta saba. Mota za ta tashi ƙarfe bakwai. Ni ma da ni za a tafi, don haka shida da rabi na biya ta madafa in ɗauki kunun shinkafar da yaran za su sha bayan awo.

Ƙamshin man riɗi da naman sa ne ya fara tare ni. Darae na zaune a teburin ƙarfe da jakarta a kafaɗa, leɓɓanta sun bushe sun tsage. Gabanta kwano ne cike yana tururi, ga ɗan kwanon farar shinkafa a gefe.

"Ɗanɗanawa kawai za ki yi," Malsun take cewa. "Cokali ɗaya, don kar a ce ranar ta wuce haka nan."

"Darae," na ce, "yau awo."

"Na sani, Malama."

Ta ɗauki cokali ta kai baki. Ta riƙe miyar a bakinta ta daɗe ba ta haɗiye ba, idonta a kan Malsun. Ita kuwa Malsun ta riga ta juya baya tana goge wani teburi da ba abin da ya same shi. Darae ta haɗiye. Ta ajiye cokalin, na ce a raina shi ke nan. Sai ta sauke jakar daga kafaɗa, ta jawo kwanon, ta juye shinkafar a ciki.

Na sake kiran sunanta sau ɗaya. Ban fizge kwanon ba. Ba a fizge wa mutum miyar haihuwarsa, kuma ban taɓa ganin ɗan Adam yana ci irin wannan ci ba, a hankali, ba ɗaga kai, kamar mai aikin da aka ba shi. Malsun tana jin ƙarar cokali a kan kwano, sau nawa, ba ta waiwayo ba. Da yarinyar ta ɗaga kwanon da hannu biyu ta shanye romon, ta miƙe ta rusuna.

"Na ci da kyau, Inna."

"Ki sa rigar sanyi, ana iska a can."

A mota ta sa rigar leda ƙarƙashin rigar sanyi biyu, ta riƙe kofi tana tofa yawu har muka isa. Ta yi ta zagaya filin ajiye motoci da gudu tun tsakar rana. Gumin ya ƙi zuwa yadda ya saba. Ƙarfe huɗu, a awon gwaji, saura giram ɗari uku. Wata abokiyarta ta kawo almakashi, amma gashin nata dama guntu ne, ba abin yankewa. Ƙarfe biyar ta hau sikelin hukuma, ta fitar da duk iskar da ke ƙirjinta. Arba'in da takwas da giram ɗari. Matar da ke rubutu ta ja layi a kan sunanta, ta kira ta gaba.

Malam Maeng ya same ta a baranda tana zaune a ƙasa.

"Me kika ci?"

"Miyok."

Ya yi 'yar dariya, ya ɗauka baƙar magana ce irin ta wanda ya faɗi. Da ya ga fuskata sai dariyar ta tsaya.

"Yau? Wa ya ba ki?"

"Ni na roƙa," in ji Darae.

Ranar Litinin ya shigo madafa, abin da bai taɓa yi ba. Na zaci maganar gishiri da nauyi zai yi. Ashe ba ita ta fi ci masa rai ba.

"Uwargida Pyo, ko ɗan firamare ba a ba shi miyok ranar jarrabawa. Shekara biyu ina gina yarinyar nan, kika ɗauki santsi kika zuba mata a ƙarƙashin ƙafa."

Malsun ta cire tabarau, ta rusuna har ƙasa. "Laifina ne, Malam. Tsufa ne. Ranar haihuwar na tuna, na manta da sauran."

Ta haife shi a shekaru, ba yadda zai yi ya ɗaga mata murya. Ya tsaya yana huci, ya juya ya fita. Shugaban makaranta ma ya karɓi maganar mantuwa. Sauran masu girki suka ce tausayin marainiya ne ya rufe mata ido, wace uwa ce ba za ta yi haka ba. 'Yan kokawa suka sami abin zolaya na mako guda: "Inna, gobe ina da gasa, a taimaka kar a ba ni santsi." Ba ta mayar musu ko sau ɗaya ba, har suka gaji suka bari.

A sito na same ta ita kaɗai tana jera buhunan shinkafa. Na rufe ƙofa. Ban ma tambaya ba ta fara magana, tana ci gaba da aikinta.

"Na jiƙa ganyen na ce ba zan dafa ba. Da na dafa na ce ba zan sa gishiri ba, ruwa ne kawai, kafin rana ta yi tsaka ya fita daga jikinta. Na ɗanɗana na ji lami. Miyar haihuwa ce, Malama, ba a ba mutum ita lami. Na sa cokali ɗaya na ruwan gishirin waken suya. Na ɗanɗana, ta yi daidai." Ta daidaita wani buhu da gwiwa. "Sai na ga hannuna ya ƙara ɗaya."

"Saboda me?"

"Malama ce mai ilimi. Ki rubuta a takarda ki manna mini a bango."

A makon ne aka mayar da Darae ajin kilo hamsin da biyu, abin da na yi shekara ina roƙo. Za ta ƙara shekara guda da 'yan watanni tare da mu. Ta zo ɗakina don mu tsara sabon abincinta: ƙarin shinkafa, nama sau biyu a yini, madara bayan horo, domin nauyin da za ta ƙara ya zama tsoka. Tana ta gyaɗa kai. Da muka gama ba ta tashi ba.

"Tun cokalin farko na ji gishirin," ta ce. "Shekara biyu ina cin girkinta, Malama. Ba ta taɓa kuskuren gishiri ba."

"To me ya sa kika shanye?"

Ta kalli tafin hannunta. "Yunwa nake ji. Tun bara nake jin yunwa. In na tafi can, a arba'in da takwas za su riƙe ni har in tsufa."

"Ke nan ke ma kin so."

"Wataƙila. Ni na ga dama na sha, ba wanda ya ɗura mini." Ta ɗauki takardarta ta ninke gida huɗu. "Amma na ɗauka domin ni aka dafa."

Daga nan ba ta sake shiga madafa ba. A ranakun mako tana bin layi kamar kowa, ta miƙa faranti, ta ce, "Na gode, Uwargida," ta wuce. Asabar da Lahadi kuwa sai ta fita shagon bakin ƙofa ta sayo taliyar kofi, irin wadda ake zuba wa ruwan zafi, ta ci a ɗakinta. Malsun tana zuwa kamar kullum. Takan dafa na mutum biyu, ta jera a teburin ƙarfe, ta rufe da kwando, ta zauna. Mai gadi ya ce mini har ƙarfe uku takan kai a zaune kafin ta kwashe.

Lahadi huɗu aka yi haka. Kowace Litinin Darae na hawa sikelina da kumburarriyar fuska saboda gishirin taliyar, ƙarfin hannunta kuma bai ƙaru da komai ba. 'Yan ajin hamsin da biyu suna ɗaga ta suna yarwa kamar matashi. Ban kai wa Malsun ƙara ba. Ita ce ta shigo ɗakina a Litinin ta biyar, ta tsaya a bakin ƙofa, hannunta cikin aljihun rigar aiki.

"Yarinyar nan kwana biyu a mako ba ta cin abinci."

"Haka ne."

"Mai neman tsoka ba ta yin haka."

"Ba ta yi."

Ta kalli kalandar da ke bayana.

"Ki gaya wa ofis a cire ni daga aikin ƙarshen mako. A mayar da karɓa-karɓa. Ki ce ƙafata ce."

"Uwargida Pyo, in kika yi mata magana..."

"In ce mata me?"

Na rubuta takardar, ta sa hannu.

Sauran matan huɗu suka yi ta gunaguni, waɗanda suka kawo mata lemo a da su ne suka fi cewa ta cika son kai. Asabar ta farko wata mai suna Uwargida Yeo ce ta zo, mace mai yawan surutu da ke dafa komai har ya yi laushi fiye da kima. Na shigo ranar Lahadi da gangan don in gani. Darae ta leƙo zaure, ta ga wadda ke bayan tukunya, ta ɗauki faranti.

Ƙarfe ɗaya da 'yan mintuna wayata ta yi ƙara. A shekara tara Malsun ba ta taɓa kirana ba.

"Malama, na dame ki ranar hutu."

"Ba komai, ina makaranta."

"Ta ci?"

"Ta ci."

"Ta ƙara?"

"Ta ƙara shinkafa, da nama."

"Me Yeo ta dafa?"

Na gaya mata. Ta yi ɗan tsaki, ta ce kaza ba ta son wuta mai yawa, a gaya wa matar nan. Na ce zan gaya mata. Amma ba ta kashe wayar ba. Na jira.

"Ke fa, Uwargida Pyo, kin ci?"

"Yanzu zan ɗora," ta ce.